Kiyaye Asabar da Batun Ceto: Inda Kiristoci Suka Rarrabu

Wannan lacca ce da aka gabatar ga ɗaliban nazarin addinai a birnin Katsina, aka kuma rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya zauna a Malumfashi ko Kafur ya san cewa maƙwabtanmu Kiristoci ranar Lahadi suke zuwa majami'a, alhali doka ta huɗu cikin Dokoki Goma, a Littafin Fitowa sura ta 20, rana ta bakwai ta ambata, wato Asabar. Ku da kuka karanta labarin mutanen Asabar a Suratul A'araf kun san nauyin da ranar take da shi a wurin Bani Isra'ila.

Mafi yawan ɗarikun Kirista, waɗanda ba sa kiyaye Asabar, suna kafa hujja da taron manzannin Yesu a Urushalima, wanda ke Ayyukan Manzanni sura ta 15, inda aka yanke cewa waɗanda ba Yahudawa ba ba za a ɗora musu kaciya da sauran nauyin Shari'ar Musa ba, kuma a cikin 'yan abubuwan da aka gindaya musu babu Asabar. Suna ƙarawa da wasiƙar Bulus ga Kolosiyawa, 2:16, wadda ta hana a hukunta kowa a kan abinci ko idi ko Asabar, da kuma Afisawa 2:8, wadda ta ce ceto ta alheri yake zuwa, ta hanyar bangaskiya.

Masu kiyaye Asabar kan ce Sarkin Rum Kwanstantin ne ya sauya ranar zuwa Lahadi da dokarsa ta shekarar 321. A ganina wannan hujja tana da rauni, domin tun wajen shekara ta 150 Justin Martyr, ɗaya daga cikin marubutan Kirista na farko, ya rubuta cewa Kiristoci suna taruwa ran Lahadi. Abin da sarkin ya yi shi ne mayar da Lahadi ranar hutun gwamnati. Sai dai kuma masu kiyaye Asabar ma suna da abin kamawa: da a ce babu masu hutun Asabar a ƙarni na 4, da Majalisar Lawudikiya, wani taron shugabannin coci, ba ta ɓata lokacinta wajen haramta shi ba. Cocin Orthodox ta Habasha ma har yau tana girmama ranakun biyu, matsayin da Sarki Zara Yakob ya tabbatar a 1450.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne a kan ɗarikar Seventh-day Adventist, wadda aka kafa a Amurka a 1863, ta shigo Najeriya a 1914 ta hannun wani ɗan mishan, David Babcock, daga baya ta kafa asibiti a Jengre ta Jihar Filato. Mabiyanta suna ajiye aiki daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa faɗuwarta ran Asabar, shi ya sa suke kokawa da zaɓe da jarrabawar da ake sakawa a wannan rana. Idan ka tambayi fastonsu ko Asabar ce ke ceton mutum, zai ce maka a'a, alherin Allah ne ke ceto, kiyaye ranar kuwa 'ya'yan bangaskiya ne. Amma koyarwar Ellen White, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ɗarikar, ta ce a ƙarshen zamani Asabar za ta zama hatimin Allah, kuma wanda ya san gaskiya ya bi dokar tilasta Lahadi zai karɓi alamar dabbar nan ta Littafin Wahayi, wato alamar hallaka. Masu sukarsu suka ce abin da rashinsa ke hallaka mutum ya zama sharaɗi ke nan, ko da wane suna aka kira shi. 'Yan Adventist suka amsa da cewa haka kisa da zina suke: barinsu ba ya sayen ceto, amma babu Kiristan da zai ce an soke dokarsu, to me ya sa doka ta huɗu kaɗai za a cire daga cikin goma?

Amsar da ɗaya ɓangaren ke bayarwa ita ce Sabon Alkawari ya maimaita dokoki taran a matsayin umarni ga masu bi, amma bai maimaita ta Asabar ba.