Gigi Riva, mutumin da ya ƙi Juventus ya zauna a tsibiri

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina ko? Toh madalla. Da aka ce in zo in yi magana kan ɗan ƙwallo mai amana, wanda magoya baya suka kasa mantawa da shi, na san da yawanku kun zo da sunaye a ranku, wani Totti wani Maldini, 'yan Arsenal kuma na san Tony Adams kuke jira. Ku yi haƙuri, ni yau wani dattijo na kawo muku wanda ya daina buga ƙwallo tun 1976, sunansa Luigi Riva, amma duk Italiya Gigi ake kiransa, kuma dalilin da ya sa na zaɓe shi shi ne Totti ɗan Roma ne, a garin aka haife shi, Maldini kuwa babansa Cesare ma kyaftin ɗin Milan ne, toh mutum ya zauna a gidan ubansa abin yabo ne amma ba abin mamaki ba ne. Shi Riva baƙo ne a inda ya zauna, kuma da farko ma ba ya son wurin.

An haife shi ran 7 ga Nuwamba 1944 a wani ƙaramin gari Leggiuno, can arewacin Italiya. Talakawa ne iyayensa. Babansa ya rasu a hatsarin wurin aiki a 1953 yaron bai kai shekara goma ba, aka kai shi makarantar kwana ta marayu da marasa galihu, sannan kafin ya gama zama saurayi mahaifiyar ma ta rasu, yayarsa mace ce ta riƙe shi. Ku riƙe wannan maganar ta maraici, don in ba ku riƙe ta ba ba za ku gane abin da ya biyo baya ba.

Yana buga wa wani kulob Legnano a rukuni na uku sai a 1963 aka sayar da shi wa Cagliari. Ita Cagliari babban birnin Sardiniya ce, tsibiri ne a tsakiyar Bahar Rum, kuma kar ku duba Sardiniya ta yanzu da masu kuɗi ke zuwa hutu bakin ruwa. A wancan lokacin in ma'aikacin gwamnati ko ɗan sanda ya yi laifi, barazanar da ake masa ita ce za a tura shi Sardiniya. Wurin horo ne. Mutanen arewa suna kallonsu a matsayin makiyayan tumaki da 'yan fashin daji, samarinsu kuma sun watse neman aiki, wasu masana'antun Turin da Milan, wasu Jamus da Suwizalan, wasu ramin haƙar kwal a Beljiyam. Kulob ɗin kanta tana rukuni na biyu, ba ta taɓa shiga Serie A ba. Yaro ɗan shekara 18 aka ce masa can za ka, ai dole ransa ya ɓaci, niyyarsa ya yi ɗan lokaci ya gudo.

Toh a kakarsa ta farko suka hau Serie A, 1964 kenan. Daga nan yaro ya fara buɗewa. Ƙafar hagu ce da shi, irin hagun nan da in ya saki ƙwallo gola sai dai ya ji ƙararta a raga, ga ƙarfin jiki ga iya sa kai, kuma ba ya tsoron shiga inda ake karya ƙafa. Kocinsu Manlio Scopigno ana danganta masa maganar cewa wai ƙafar daman Riva ba ta da amfani sai wajen hawa mota. Shi Scopigno ɗin ma wani irin mutum ne, Bafalsafe ake ce masa, akwai labarin da 'yan wasansa suka riƙa bayarwa cewa wani dare a sansani ya buɗe ɗaki ya tarar da su suna karta, hayaƙin sigari ya cika ko'ina, kowa ya yi tsuru-tsuru ana jiran faɗa, sai kawai ya ja kujera ya tambaye su ko zai dame su in ya kunna tasa. (dariya) Wallahi kuwa. Ba wai ina yabon sigari ba ne fa, don shi kansa Riva ta daɗe tana cinsa, ina nuna muku irin zaman da ke tsakaninsu ne.

Sau uku ya fi kowa zura ƙwallo a Serie A, 1967 da 1969 da 1970. A 1969 sun ƙare na biyu bayan Fiorentina. Sai shugabannin kulob suka yi wani ciniki mai wayo, suka ba Inter ɗan wasan gabansu Boninsegna suka karɓo Domenghini da Gori da Poli, wato aka gina komai a kan mutum ɗaya. Ga Albertosi a raga, ga Cera da Niccolai a baya, ga Nené ɗan Burazil a tsakiya. Kakar 1969 zuwa 1970 wasa 30 aka buga, ƙwallo 11 kacal aka zura musu, ku ji fa, goma sha ɗaya a kaka guda. Su kuma sun ci 42, a ciki 21 na Riva ne, rabi cif. Kuma duk wannan kocin ya yi watanni a dakace saboda zagin mataimakin alƙalin wasa. A watan Maris suka je Turin gidan Juventus aka tashi biyu da biyu, shi ya ci duka biyun. Ran 12 ga Afrilu 1970 a tsohon filinsu Amsicora suka ci Bari biyu da nema, shi da Gori, kofi ya tabbata. Suka ƙare da maki 45, Inter na biye da 41, lokacin cin wasa maki biyu ne ba uku ba. Karon farko kenan da wani kulob daga kudu da Roma ya ɗauki Serie A, Napoli ta Maradona sai 1987 ta yi nata, kuma har yau Cagliari ba ta sake ba.

Yanzu ku tsaya mu kalli abin daga wajen mai goyon baya, don shi ne maganar tamu. Ka ɗauki mutumin Sardiniya da ke aikin ƙarfi a Turin, Litinin zuwa Asabar ana masa kallon ɗan ƙauye, ana kiransa makiyayi, sai ran Lahadi kulob ɗin garinsu ta zo har gida ta hana masu gida sakat, ran Litinin ya shiga wurin aiki da kansa a sama. Mutane suna tahowa daga Jamus da Suwizalan a jirgin ƙasa don kawai su ga wasan waje, makiyaya a kan duwatsu suna bin wasa a ƙaramar rediyo. Shi kuma Riva yana jin zagin da ake musu a filayen arewa, arewar da ita ce gidansa, kuma ya sha faɗa a hirarraki cewa wannan zagin ƙara musu ƙarfi yake. Maraya ne da ya san ciwon raini, ya tarar da al'umma guda da ake rainawa, suka buɗe masa ƙofa, masunta da talakawan gari suka mai da shi ɗan gida ba tare da sun dame shi ba, don shi mutum ne mai shiru, ba ya son hayaniya. Ni a ganina nan ne aka ƙulla abin, tun kafin kofi.

A ƙasa kuwa, ƙwallo 35 a wasa 42 ya ci wa Italiya, kuma har yanzu ba wanda ya kamo shi, Baggio ya zo ya wuce, Del Piero ya zo ya wuce, Totti da Inzaghi da Vieri duk sun yi zamaninsu, ba wanda ya kai shi. Shi ya fara cin ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Turai na 1968 da aka maimaita da Yugoslabiya. A kofin duniya na 1970 a Mekziko 'yan Cagliari shida ne a tawagar, ya ci masu masaukin baƙi biyu, ya ci ɗaya a wasan nan na huɗu da uku da Jamus ta Yamma, sai Burazil ta Pele ta gama da su huɗu da ɗaya a wasan ƙarshe. Ɗan jarida Gianni Brera ne ya sa masa laƙabin Rombo di Tuono, rugugin tsawa, bayan sun je San Siro sun ci Inter uku da ɗaya a Oktoban 1970.

Kwana kaɗan bayan wannan wasan, ran 31 ga Oktoba, yana buga wa ƙasa a Biyana da Ostiriya aka karya masa ƙafa. Karo na biyu kenan, don a 1967 ma ya karye a wasa da Fotugal, duk biyun a rigar Italiya. Lokacin Cagliari ce kan gaba a teburi kuma tana cikin kofin zakarun Turai, ta riga ta fitar da Saint-Étienne. Ba shi, sai Atletico Madrid ta fitar da su, a gida ma suka zame. Daga nan kulob ɗin ta fara gangara.

Toh nan ne gwajin yake, kuma nan nake so mu daɗe. Zama a kulob lokacin da ake cin kofi ba wahala, kowa zai zauna. Shi lokacin da abokan wasa suka fara tsufa, kuɗi suka fara ƙarewa, manyan kulob na arewa suka yi ta zarya, musamman Juventus, jaridu na maganar lira biliyan guda har da ƙarin 'yan wasa, kuɗin da a lokacin ba a saba ji ba. Kuma ku lura, shugabannin Cagliari ba wai sun ƙi kuɗin ba ne, kulob mai buƙata ce, shi ne ya ce ba inda za shi. A zamanin da ɗan wasa kusan kayan kulob ne, tun kafin hukuncin Bosman na 1995 da ya ba 'yan wasa 'yanci in kwantiragi ya ƙare. Juventus ɗin nan ta ɗauki Serie A a 1972 da 1973 da 1975, ta je wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 1973, da ya je duk da shi za a yi. Ya zaɓi ya zauna yana kallon kulob ɗinsa na fafutukar tsira. Ran 1 ga Fabrairu 1976 a wasa da Milan tsokar cinyarsa ta yage, bai sake buga wasa ba, yana da shekara 31, kuma a kakar nan Cagliari ta faɗa rukuni na biyu. Ya bar musu ƙwallo 164 a wasannin lig.

Wani zai ce sabo ne kawai, sabo turken wawa. Ni ban yarda ba, don wanda sabo ya ɗaure bai san me ake bari ba, shi kuwa ya sani sarai, yana haɗuwa da 'yan Juventus ɗin a sansanin ƙasa yana ganin abin da suke samu. Amma kuma ba zan tsaya nan in ce duk ɗan wasan da ya bi kuɗi maci amana ne ba, a'a, sana'ar gajera ce, ƙafa ɗaya in ta karye shikenan, wani dangi guda ne a wuyansa. Su ma kulob ɗin ai ba kullum suke riƙe amana ba, Del Piero ya bi Juventus har rukuni na biyu a 2006, a 2012 aka ce masa an gode. Mu magoya baya muna son a mana biyayya amma ɗan wasa ya yi wata biyu ba ya cin ƙwallo ku ji abin da muke faɗa masa.

Bayan ya rataye takalmi bai koma arewa ba. Ya buɗe makarantar koyar da yara ƙwallo a Cagliari, Barella na Inter da kuke gani yanzu a can ya fara. Ya yi shekara sama da ashirin yana tare da tawagar Italiya har 2013, ba koci ba, shi ne dai babban da 'yan wasa ke zuwa wajensa in abu ya yi zafi, wanda ya kalli wasan ƙarshe na 1994 zai tuna da Baggio ya zubar da fenariti Riva na cikin waɗanda suka rungume shi, kuma yana nan a 2006 da suka ɗauko kofin a Jamus. A 2005 Cagliari ta jingine riga mai lamba 11, ba wanda zai sake sa ta, a 2019 suka naɗa shi shugaban girmamawa. Ya rasu ran 22 ga Janairu 2024 a asibiti a Cagliari, ciwon zuciya, yana da shekara 79, a daren da Inter da Napoli ke wasan Super Cup a Riyad. Wajen jana'izarsa an ƙiyasta mutum kusan 30,000, kuma ku yi lissafi, wanda ya gan shi yana wasa da idonsa dole ya haura hamsin, mafi yawan wanda suka cika wurin labari suka ji daga iyaye da kakanni. A can aka binne shi, ba a garinsu ba.

Na ga hannu a can, bismillah ƙanina. Wai da ya je Juventus ba zai fi haka suna ba? Eh toh, ta fuskar kofuna da wataƙila kyautar Ballon d'Or zai iya fi, don ya zo na biyu a 1969 bayan Rivera, ya zo na uku a 1970, kuma da yawanku yau ne kuka fara jin sunansa, da ɗan Juventus ne da ba haka ba. Wannan asara ce ta gaske, ba zan ɓoye ba. Amma a Turin zai zama ɗaya ne cikin jerin manya, Sivori da Platini da Baggio da Del Piero da sauransu, sai ka ƙirga kafin ka zo kansa. A Sardiniya ba jeri, shi kaɗai ne. Wa ke da tambaya kuma? Malam na kusa da ƙofa, a miƙa masa lasifika.