Gurbin jami'a na iya kuɓucewa a aji 12: jawabi ga iyaye a taron ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, malamanmu, iyayenmu mata da maza, 'yan uwa, barkanmu da haɗuwa. Na roƙi 'yan mintuna ne saboda 'ya'yanmu da ke aji 12, ajin ƙarshe na sakandare a nan Amurka, musamman waɗanda jami'a ta riga ta ba gurbi. Allah Ya sanya albarka, Ya nuna mana kammalawarsu.

Takardar ba da gurbin nan da muke murna da ita, da sharaɗi a cikinta. Kusan kowace jami'a tana rubuta cewa ta ɗauki yaro ne bisa yarjejeniyar zai ƙarasa aji 12 da irin ƙoƙarin da ya nuna lokacin da ya nema. Mu da muka taso a Najeriya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba: ko yaro ya ci JAMB, in babu kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, ai babu shiga. To a nan makin zangon ƙarshe ne ke tsaye a wannan matsayin.

Ga yadda abin ke tafiya. Waɗanda suka nema da wuri, a Nuwamba, sukan ji amsa a tsakiyar Disamba. Sauran sai ƙarshen Maris. Ranar 1 ga Mayu yaro zai zaɓi jami'a ɗaya, ya biya kuɗin ajiye gurbi, ya sallami sauran. Amma makarantarsa ba ta gama aika rahoto ba. A tsarin Common App, wato shafin intanet da ake neman jami'o'i da yawa ta cikinsa, akwai rahoton tsakiyar shekara, akwai kuma na ƙarshe da malamin ba da shawara zai tura bayan an rufe makaranta. Wannan na ƙarshen, a Yuni ko Yuli yake isa, lokacin da yaro ya riga ya saki duk sauran guraben da ke hannunsa.

Kada wani ya ce barazana ce kawai. A Yulin 2017, Jami'ar Kalifoniya reshen Irvine ta janye gurbin ɗalibai kusan 500, saura wata biyu a fara karatu. Fiye da rabinsu matsalar takardar sakamako ce da ba ta isa kan lokaci ba, sauran kuma makinsu ne ya zube a aji 12. Da jama'a suka yi ca, jami'ar ta ba da haƙuri ta mayar da da yawa daga cikinsu, amma ku auna makonnin da gidajen nan suka yi cikin fargaba. Har yau rassan wannan jami'a suna son takardar sakamako ta iso kafin 1 ga Yuli ta wuce, kuma wanda ya samu D ko F, wato maki mafi ƙasa, dole ya sanar da su da kansa.

Sauka daga A zuwa B ba ya cika tayar da hankalin kowa. Abin da ke jawo wasiƙa shi ne D ko F, ko a ga makin ya rufta gaba ɗaya, ko yaro ya ajiye darasi mai nauyi, misali lissafin AP, wato darasi mai matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, bayan ya rubuta wa jami'a cewa yana yin sa, kuma bai gaya musu ba. Ba kullum ake kai wa ga janyewa ba. Wani za a nemi ya yi bayani a rubuce, wani a ɗauke shi bisa gargaɗi, wani kuma a cire masa tallafin karatu, wanda ga yawancin gidajenmu shi ne karatun kansa.

Yanzu bari in zo kanmu, domin nan ne zuciyata take. Amurkawa sukan ce kasala ce ke kama 'yan ajin ƙarshe. Akwai wannan, ban musa ba. Amma namu yaran, sau da yawa mu ne muka ɗora musu kaya. Da an ga takarda sai a ce ai ya gama. A ƙara masa awannin aiki a shago. Yarinya ta dawo ta kwaso ƙannenta, ta dafa abinci, gobe ta bar aji ta raka mahaifiyarta asibiti don ta yi mata tafinta. A 'yan shekarun nan kuma azumi yana faɗowa a tsakiyar wannan zangon; yaro ya yi tarawihi, ya tashi sahur, ƙarfe takwas yana aji. Ibada ba ta hana karatu, amma sai an rage masa wasu hidimomin. Wani ma a yanka masa tikitin zuwa gida biki a watan Mayu don ya fi araha, alhali a watan ake jarrabawar AP.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ɓoyo. Mun riga mun buga waya Kano da Zinder da Kumasi mun shaida wa dangi. Yaro ya ga darasin kimiyyar sinadarai yana neman kayar da shi, da wane baki zai gaya wa Baba? Sai ya yi shiru. Saƙon jami'a kuma imel ɗinsa yake zuwa, ba naka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yan uwa. Sakamakon nan zai isa jami'a ko yaro ya faɗa ko bai faɗa ba. Wanda ya rubuta tun Maris ya ce ga darasin da ke ba ni wuya, ga dalili, ga malamin da nake zuwa wurinsa bayan an tashi, jami'a tana da abin da za ta tattauna da shi, har ta iya amincewa ya maimaita darasin a hutun bazara. Wanda aka gano a Yuli, ƙofarsa ta ƙuntata. Ko an janye, akwai ɗaukaka ƙara, akwai kwalejin al'umma ta shekara biyu da ake wucewa jami'a daga cikinta, sai dai hanya ce mai tsawo.

Don haka ina roƙonku, a makon nan ku zauna da yaranku ku karanta sharuɗɗan takardar tare, ku buɗe shafin makaranta ku ga makin da idonku. In kun ga abin da bai yi muku daɗi ba, don Allah a haɗiye faɗa tukuna, a nemi ganin malamin ba da shawara. Wanda Turanci ke ba wuya, yana da damar neman makaranta ta kawo masa tafinta.

Shugaba, ina neman alfarma: ɗalibanmu na jami'a da ke cikin zauren nan su ba da ranar Asabar ga ƙannensu, musamman a Lissafi da kimiyya. Iyayen 'yan aji 12 kuma a ɗan dakata bayan addu'a mu rubuta sunaye. Na gode. Wassalamu alaikum.