Baƙon da Ba Ya Tafiya: Yadda 'Yan Hindu Ke Tsara Ibadarsu ta Cikin Gida

(An rubuto daga faifan laccar da aka gabatar wa ɗaliban nazarin addinai.)

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina da ke sahun gaba, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na ga mai riƙe da agogo ya fara hararata tun ban buɗe baki ba, don haka ba zan yi doguwar sharar fage ba. Abu guda zan faɗa tun farko: ni Musulmi ne, bayani na zo yi, ba kira ba. Aikin wannan sashe shi ne ya san abin da mutane ke yi kamar yadda su da kansu suka fahimce shi.

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya sha ganin wannan a fim ɗin Indiya: mace ta lulluɓe kanta, ƙararrawa a hannun hagu, faranti mai fitila a hannun dama, tana kewaya shi a gaban wani hoto. Sai mu ce "ga ta can tana bautar gunki," mu jira a zo wajen rawa. Abin da take yi sunansa puja. A ƙidayar Indiya ta 2011, 'yan Hindu sun kai kashi 79.8 cikin ɗari, wajen mutum miliyan 966. Kuma ba su da wata rana a mako da aka wajabta wa kowa taruwa a wurin ibada. Mutum yana iya yin watanni bai taka haikali ba, kuma ba wanda zai ce ya yi sakaci. A cikin gida addinin yake zaune, kuma yawanci a hannun mata.

Lokacin da nake karatu a birnin Pune, a jihar Maharashtra, na kama haya a gidan wata tsohuwa. Kowa Aji yake ce mata, wato kaka da harshen Marathi, ni ma na bi sahu. A kusurwar ɗakin girkinta akwai wani ɗan kwabet na katako da bai kai akwatin talabijin ba. Sunansa devghar, ɗakin abin bauta ke nan. Littattafansu na tsarin gini, Vastu Shastra, sun fi son a sa shi a kusurwar arewa maso gabas, amma gidan haya ba ya tambayar littafi, inda aka samu wuri nan ake sawa.

Me ke ciki? Akwai Ganesha, abin bauta mai kai irin na giwa, wanda da shi ake buɗe kowace ibada. Akwai wani ɗan falle na azurfa mai zanen Khandoba na garin Jejuri, shi ne na zuri'ar mijinta, abin da suke kira kuladevata. Sai wasu ƙananan siffofi biyu na tagulla, Annapurna mai ciyarwa da abin bautarsu Krishna a siffar jariri yana rarrafe. Waɗannan biyun uwarta ce ta ba ta ranar da aka kai ta gidan miji, kamar yadda al'adar Marathi take. Mu kwanuka da tasoshi muke jera wa amarya, su har da wannan. Ka duba kwabet ɗin ka karanta tarihin gidan.

Tana tashi kafin assalatu. Suna girmama wani lokaci da suke kira brahma muhurta, wanda ke farawa sa'a ɗaya da minti 36 kafin fitowar rana, saboda haka sau da yawa ina alwala ina jin motsin bokitinta. Sai ta yi wanka, ba ta karya ba, ta ɗaura zanen da ba ta yin komai da shi sai wannan. Ta kwashe furannin jiya. Ta murza lagwani na auduga da yatsu, ta zuba man shanu a 'yar fitilar tagulla, irin aci-balbal ɗinmu ta da, ta kunna.

Daga nan ne nake so ku kasa kunne, domin in kun riƙe wannan kun riƙe laccar. Puja karɓar baƙo ce. Cikakkiyarta tana da hidima 16, shodashopachara, kuma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka ga abin da Bahaushe ke yi wa babban baƙo ne. A yi masa maraba, a ba shi wurin zama. A kawo ruwan wanke ƙafa, na wanke hannu, na kurkure baki. A yi masa wanka, a sa masa tufa, a shafa masa sandal, a ba shi fure, a kunna turare da fitila, a gabatar da abinci. Bayan ya ci a miƙa masa ganyen taunawa, wanda a wurinsu shi ne matsayin goro. Sannan a rusuna, a yi sallama. Aji takan sauko da siffofin nan cikin farantin tagulla, ta zuba musu ruwa da ɗan cokali, ta goge kowanne da ƙyalle, ta ɗiga masa kurkum da jan gari a goshi, tana yi tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai shirya jikoki zuwa makaranta.

Kuma kowane baƙo da abin da yake so. Vishnu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu, ganyen tulsi, 'yar'uwar ɗoɗɗoyarmu, wadda ake shukawa a tsakar gida a riƙa ba ta ruwa kullum. Shiva, wani babban abin bautar, ganyen bilva mai kunne uku. Ganesha ciyawar durva, kuma ba a ba shi tulsi. Abincin da za a gabatar ba a sa masa albasa ko tafarnuwa, mai girki kuma ba ta ɗanɗana ko gishirinsa.

A nan na tafka nawa kuskuren. Wata safiya mai kawo furanni ya ajiye ƙunshin a bakin ƙofa, na ɗauka zan kai mata, ƙamshin yasmin ya buge ni, na kai hanci na shaƙa. Tana kallona. Ba ta ce uffan ba. Ta karɓa ta ajiye a kan taga, ta fita ta tsinko wasu a bayan gida. Jikanta ne ya faɗa mini daga baya cewa furen da aka shinshina ya zama saura, kuma ba a ba baƙo saura. (Dariya.) Kun ga, ko a gidajenmu ba a gutsuri tuwo sannan a kai wa baƙo.

To, amma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wannan baƙon ba raɓa ba ne, ya zo ke nan. Akwai bikin da malaminsu ke yi, prana pratishtha, wanda a imaninsu yake sa rai ya sauka cikin siffar. Daga ranar nan ta zama nauyi a wuyan gidan, kullum sai an yi mata wanka an ciyar da ita. Haka yake ga masu ajiye shaligram, baƙin dutsen da ake ɗebowa daga kogin Gandaki na ƙasar Nepal. In tafiya ta kama, ko dai a bar wa wani amana, ko a sa cikin ɗan akwati a tafi da shi. Shi ya sa gidaje da yawa suka fi son hoton takarda, nauyinsa bai kai haka ba. Hotunan nan kuma ba su daɗe ba. Mai zanen nan Raja Ravi Varma ya kafa maɗaba'a a Bombay a 1894, ya riƙa buga hotunan ababen bauta mata, Lakshmi da Saraswati, masu launi a farashi mai sauƙi, har talakan da ake hana shi shiga haikali saboda asalinsa ya samu abin ratayawa a bangonsa.

Yanzu tambayar da aka sa ni in amsa: wanda zai fara nasa, yaya yake yi? Na ga amsar da idona lokacin da jikan Aji ya samu aiki a Bangalore. Yaron ya ɗauko zafi, yana so ya haɗa komai, hidima 16, karatu, azumi. Ta hana shi. Ta ba shi hoto ɗaya da fitila ɗaya, ta ce ya zaɓi lokaci ɗaya ya riƙe. Hoton na wanda zuciyarsa ta fi kwanciya da shi ne, ishta devata, domin a wurinsu mutum yana da damar zaɓa ko da ya saɓa da na gidansu. In ya riƙe wannan, sai ya ƙara hidima biyar ta gajeren tsari, panchopachara: sandal, fure, turare, fitila, abinci. Minti goma ya gama. Abincin ma ba sai an dafa ba, madara da sukari sun isa, ko ɗan mazarƙwaila da kwakwa. Hujjarta tana cikin littafinsu mai tsarki, Bhagavad Gita, babi na 9, baiti na 26, inda Krishna ke cewa yana karɓar ganye, ko fure, ko 'ya'yan itace, ko ruwa, daga wanda ya miƙa da ƙauna.

Sauran abubuwa a hankali suke shigowa. Carbi mai ƙwaya 108, na itacen tulsi ga mabiya Vishnu, na ƙwallon bishiyar rudraksha ga mabiya Shiva, da babbar ƙwaya guda wadda ba a tsallake ta, in an iso sai a juya a koma. Karatun addu'ar Gayatri daga Rig Veda, ɗaya daga cikin tsoffin littattafansu da ake kira Veda, da asuba da tsakar rana da faɗuwar rana, ga waɗanda aka rataya wa zaren tsarki a kafaɗa, alamar an shigar da su karatun addini. Litinin ta Shiva ce, Talata ta Hanuman mai siffar biri, Juma'a ta Lakshmi. Azumin Ekadashi, wato rana ta goma sha ɗaya bayan sabon wata da bayan cikar wata, sau biyu ke nan a wata. Ba na jin na taɓa ganin mutum ɗaya da ya haɗa su duka. Kuma akwai ranakun da ake dakatawa: in an yi haihuwa ko rasuwa a gidan, akan rufe devghar kwana goma ko sama da haka.

A ganina, abin da ya fi riƙe al'adar nan shi ne fitilar yamma. Da magariba Aji takan sake kunna ta, ta tara yaran gidan su haɗa tafin hannu su rera wani ɗan baiti na gaida haske. Bai kai minti biyu ba, kuma a nan yaro ke koyon komai, ba a makaranta ba.

An miƙo mini takarda wai lokaci ya ƙare. Tambayoyi biyu zan ɗauka.

Ƙanwata ta baya tana tambaya ko duk 'yan Hindu haka suke yi. A'a. Ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, ta ƙi siffofi gaba ɗaya, wuta suke hurawa su karanta Veda. Wasu suna cewa gaskiya ɗaya ce, Brahman, siffofin nan fuskokinta ne. Wasu kuma sun tsaya a kan cewa Vishnu ne sama da kowa, wasu Shiva. Kuma ba Indiyawa kaɗai ba ne. A Accra akwai gidan ibadar Hindu da aka kafa a 1975 ƙarƙashin Swami Ghanananda, ɗan Ghana ne, mabiyansa ma yawanci 'yan ƙasar ne.

Malam kuma, Allah ya gafarta maka, ka tambayi ko na ci abincin. Abin da aka gabatar yakan dawo a raba wa mutanen gida, sunansa prasad, kuma a wurinsu albarka ce. Satin farko ta miƙo mini. Na ce, "Aji, ki yi haƙuri, addinina bai yarda ba." Ta ɗan yi shiru, ta mai da hannunta. Daga ranar nan, duk lokacin da ta yi modak, ɗan curin garin shinkafa mai kwakwa da mazarƙwaila a ciki da ake yi wa Ganesha, sai ta cire guda uku tun daga tukunya, kafin a kai gaban devghar, ta rufe da faranti ta ajiye mini a ƙofar ɗaki.

Na gode. Wassalamu alaikum.