Barasar da ba a jin ɗacinta

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To, madalla. Abu uku zan taɓo kan wani haɗin barasa da ake kira Zombie, wanda ya yi kaka-gida a wuraren shagali a Amurka. Na ga wani Alhaji ya ɗaure fuska. Alhaji, kwantar da hankalinka, ba talla na zo yi ba.

Na farko, tushensa rum ne, barasar rake. Idan an dafa ruwan rake an cire sukari, baƙin ruwan nan mai kauri da ya rage shi ake tsimawa a tace. Tun ƙarni na 17 ake yin haka a tsibirin Barbados, a gonakin da bayi ke nomawa. Wannan sai wata rana.

Na biyu, kuma nan ne nake so mu zauna. Amurka ta ɗage haramcin barasa a 1933, sai wani mutum da ake kira Donn Beach ya buɗe mashaya a Hollywood, a 1934 ya fito da wannan haɗi. Rum kala uku yake zubawa a kofi ɗaya: ta Jamaika, ta Puerto Rico, da wata mai ƙarfin tsiya, wadda kashi 75 cikin 100 nata sinadarin maye ne. Rum da aka saba kashi 40 ce. Ku riƙe wannan, 75 da 40. Sai ya bi da lemun tsami, da ruwan 'ya'yan itace, da kirfa, da zaƙi, da ƙanƙara. Mutumin nan fa ɗan duniya ne! Ko yaransa masu haɗawa ba su san sirrin ba. Kwalaben ba suna, sai lamba ko wani laƙabi, kai dai zuba wannan, zuba wancan, don kada maƙwabci ya saye yaro ya tafi da sirri. Sai wajen 2007 wani mai bincike, Jeff Berry, ya warware lambobin. Shekara saba'in da ɗoriya, jama'a!

Kuma shi da kansa ya kafa doka: kofi biyu kacal ga mutum ɗaya. Mai saye bai ƙi ba, mai sayarwa ne ya ce ya isa. Wasu na cewa dabarar talla ce, ni ma ina ganin akwai wannan, domin abin da aka hana shi ake rububi. Bayan haɗin ya yi suna a baje kolin duniya na New York a 1939 kowa ya shiga kwaikwayo.

Na huɗu... a'a, na uku ko? To, zaƙin. Harshe yana jin lemo, ɗacin ya ɓuya, shi ya sa a biki har wanda bai saba ba yake kwankwaɗa.

Na'am, 'yata? Ɗaga murya. Tana tambaya ko ruwan lemon da ƙanƙarar suna rage ƙarfin. Suna sirka shi dai, amma ba sa rage yawan barasar da ke cikin kofin. Hanta awa guda take ɗauka kafin ta sarrafa kimanin awo ɗaya na barasa, wato kamar ƙaramar kwalbar giya guda, kofin nan kuwa ya kai awo uku, har ya ɗara. Shan gahawa ko wankan ruwan sanyi ba sa ƙara wa hanta sauri. In kuka ga wanda ya sha ya sheme, ku kwantar da shi ta gefe kada amai ya shaƙe shi, kada a bar shi shi kaɗai, in numfashinsa ya yi ƙasa a nemi asibiti maza. Akwai wata tambayar?