Yara Sun Koma Hannun Uba: Ina Makomar Kuɗin Ciyarwar da Bai Biya Ba?

Assalamu alaikum, masu kallonmu. A ce wata baiwar Allah ce a Agege da ke Legas, aurenta ya mutu, yara biyu suna hannunta, kotu kuma ta yanke wa mahaifinsu naira 30,000 duk wata domin ci da sha da makaranta. Ya biya wata uku ya ɗauke ƙafa, ita kuwa ta ci gaba da riƙe su da ɗan abin da take samu a sayar da abinci a bakin tasha, har aka yi wata goma bai sake biya ba. Daga baya ta yi wani aure, yaran suka koma wajen mahaifinsu, da ta tuna masa naira 300,000 ɗin da suka taru sai ya ce ai wannan magana ta wuce, tunda yanzu a gidansa suke ci.

Maganar ba ta wuce ba. Komawar yara hannun uba tana iya tsayar da biyan kuɗin watanni masu zuwa, shi ma daidai shi ne a koma kotu ta sauya umarninta, amma watannin da suka shige bashi ne da ya riga ya hau kansa, kuma ba ya faɗuwa don kawai yara sun sauya gida. Kuɗi ne da uwar ta fitar daga guminta a madadinsa.

Malaman Malikiyya sun yi bayani mai muhimmanci a nan. Ciyar da 'ya'ya wajibin uba ne, amma nafaƙar da lokacinta ya shige tana faɗuwa daga kansa, sai dai idan alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba. A nan ne mata da yawa suke yin asara, domin kunya da kara suna hana su neman a rubuta komai, sai a rabu a kan alkawarin baka a gaban dangi.

A Legas babu kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati kamar yadda ake da ita a Kano ko Sakkwato. Sulhun da liman ko fadar Sarkin Hausawa za su yi abu ne mai kyau, kuma sau da yawa ya fi sauri, sai dai ba su da ikon tilasta wa wanda ya ƙi biya. Wannan iko yana hannun kotu, musamman Kotun Iyali da Dokar Haƙƙin Yara ta Jihar Legas ta shekarar 2007 ta tanada a matakin majistare da na babbar kotu. Wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya zuwa OPD, ofishin lauyoyin gwamnatin jiha da aka kafa a 2000 domin tsaya wa marasa ƙarfi kyauta.

Kafin ki tafi, 'yar'uwa, ki haɗa takardunki. Ki karɓi kwafin hukuncin mai hatimin kotu daga wajen magatakarda, ki nemi takardar bayanan asusunki daga banki wadda za ta nuna watan da kuɗi suka daina shigowa, ki tattara rasit na makaranta da na asibiti, kada kuma ki goge saƙonnin WhatsApp da ya yi miki alkawarin biya a cikinsu. Sannan ki rubuta lissafin wata bayan wata, har da abin da ya biya, domin alƙali ya fi amincewa da lissafin da ba a yi masa ƙari ba.

Idan bashin ya tabbata, kotu tana iya umartar banki ya cire kuɗin daga asusunsa, ko a kama kadararsa a yi gwanjonta, ko a aika masa sammaci ya zo ya faɗi dalilin ƙin biya. Idan kuwa ya roƙi a bar shi ya riƙa biya kaɗan-kaɗan kika amince, to a rubuta adadin da ranar biya, kowa ya sa hannu, a kai takardar gaban kotun da ta yanke hukuncin farko ta shigar da ita.