Tunjere a kunne: allura ɗaya ba ta isa ba

Kunne na ƙara kamar ana busa usur, ji ya ragu a gefe ɗaya, ga jiri da an miƙe. A nan Jos sanyin hunturu muke ɗora wa laifi, a wuce kemis a sayo maganin ɗigawa. Mai shan maganin HIV kuwa sai ya zargi ƙwayoyinsa, har ya ajiye su. Don Allah kar a ajiye.

Tunjere na yin haka. Ƙwayar cutar kamar murɗaɗɗen zare take, Treponema pallidum sunanta. Ta saduwa ake ɗauka. Gyambon farko ba ya zafi, ya warke da kansa, a manta. Ita kuwa tana nan, kuma a kowane mataki tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa, ido, da can cikin kunne. Mai HIV ya fi fuskantar wannan, musamman in CD4 ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin garkuwar jiki, ya sauka ƙasa da 350, kuma maganin HIV ba ya kashe ta.

Ga inda aka fi ruɗewa. Mutum ya ce ai an yi masa allurar tunjere a ɗuwawu, shike nan ya warke, to me ya kawo ƙarar kunne?  Wannan allurar, penisilin ce mai suna benzathine, a hankali take narkewa, tana aiki sosai a jiki. Amma ƙwaƙwalwa na da shinge tsakaninta da jini, abin da ke tsallakawa bai kai ya kashe ƙwayar ba. In har ta taɓa kunne, kwantar da mutum ake yi, a ba shi penisilin ta jijiya duk awa 4, kwana 10 zuwa 14. Na san kwanciyar asibiti ba wasa ba ce ga mai neman na abinci a kasuwar Terminus. Amma jin da ya tafi ba kullum yake dawowa ba, wanda ya zo da wuri ya fi samun sa'a.

Ko an ɗebi ruwan ƙashin baya an ga lafiya lau, kunne na iya kamuwa duk da haka.

Je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ko asibitin da kake karɓar magani, ka nemi gwajin jini na VDRL ko RPR. Ka faɗa wa likitan kunne kana da HIV, ka tafi da matarka ita ma a gwada ta.