Tambayar Farko da Mai Jari Yake Yi Kafin Ya Kafa Masana'anta

Jama'a, ku dubi taswirar Gabashin Afirka da kyau. Ga Ruwanda nan, ƴar ƙaramar ƙasa, ba ta da teku, mutanenta sun ɗan haura miliyan 13 a ƙidayar 2022. To, a ce kai ne mai kuɗin da ake roƙo ka zo ka kafa masana'anta a nan. Kafin ka sa ko sisi, abin da za ka fara tambaya shi ne: in na ƙera kayan, wa zan sayar wa, kuma ta ina za su fita?

Ruwanda ta tunkari tambayar ta fuska biyu. A 2007 ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Gabashin Afirka, wato EAC, inda ta tarar da Kenya da Tanzaniya da Yuganda. A 2008 kuma ta kafa hukumar raya ƙasa, wato RDB, aka tattara rajistar kamfani da neman masu zuba jari a waje guda, don kada a riƙa wahalar da mutum daga wannan ofis zuwa wancan.

Yanzu mu bi kwantena guda ɗaya. An sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Mombasa a Kenya, Kigali babban birnin Ruwanda za ta, tafiyar kusan kilomita 1,700. Sai ta ratsa Kenya, ta tsallaka iyakar Malaba, ta ratsa Yuganda, sannan ta shiga Ruwanda ta iyakar Gatuna. A da, kowace iyaka direba zai kashe mota, ya rungumi takardunsa ya bi layi, jami'an kwastan na nan su duba, na can ma su sake dubawa. Tafiyar takan ci kusan mako uku. Kuma duk daren da mota ta yi a bakin iyaka kuɗi ne ke zuba: hayar mota tana hawa, ruwan bashin banki yana hawa, injina can a masana'anta suna zaune suna jiran kayan aiki.

Daga 2014 aka soma tsarin kwastan na bai ɗaya. Ana lissafa haraji a biya tun kaya suna tasha, a liƙa wa motar na'urar bin sawu, ta kama hanya. Mako ukun nan ya dawo kamar mako guda. A ganina, wannan ya fi yafe haraji jan hankalin mai jari, domin yafiya tana da ranar ƙarewa, hanya kuwa kullum sai an bi ta. A 2018 kuwa kamfanin motoci na Volkswagen ya buɗe wurin harhaɗa motoci a Kigali.

Amma akwai ɓangaren da yake ci mini rai. A Kigalin nan ne ƙasashe 44 suka sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a watan Maris na 2018. Ba a yi shekara ba, a Fabrairun 2019, dangantaka ta yi tsami tsakanin Ruwanda da Yuganda, aka rufe Gatuna. Manyan motoci suka koma zagaye ta wata iyakar da ke Kagitumba, cinikin da Yuganda ke yi da maƙwabciyarta ya durƙushe, masu ƙaramin jari da ke tsallakawa kullum suka rasa abin yi. Dukansu biyu ƴan ƙungiya ɗaya ne, yarjejeniyoyin kuma suna nan a rubuce, amma ba a sake buɗe iyakar ba sai ranar 31 ga Janairu, 2022.